Kowa Na Cewa "Je Ka Ga Likita", To Ina Likitan Yake?

Ka taɓa buɗe WhatsApp da tsakar dare ka tarar wani abokinka ya ɗora baƙin hoto, ya rubuta "na gaji" kawai, babu ƙarin bayani? Na san ka taɓa gani. Ke ma 'yar uwa na san kin gani, wataƙila ma ke ce kika ɗora. To me aka yi? Yawancinmu mukan tura 'yar fuskar nan mai hawaye, ko mu rubuta "Allah ya kawo sauƙi", mu wuce zuwa hoton na gaba. Wanda yake ji da wayewa a cikinmu kuwa sai ya ce, "Gaskiya ka je ka ga likitan ƙwaƙwalwa." Shi ke nan, ya sauke nauyi. Bai tsaya ya tambayi kansa ba: wane likitan? A wane gari? Da kuɗin motar wa?

Abin da ya sa na ɗauko wannan maganar shi ne, a 'yan shekarun nan mun iya kalmomin sosai. Yaro ɗan aji uku na sakandare zai ce maka yana cikin "difireshan". Waya ta koya mana sunan ciwon, amma ba ta nuna mana ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba.

Ka tuna abin da ya faru da sakamakon JAMB a watan Mayun 2025. Cikin ɗalibai kusan miliyan 2 da suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Daga baya hukumar ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida. Kafin a kai ga wannan amsa laifin, jaridu sun ruwaito cewa wata yarinya 'yar shekara 19 a Legas ta kashe kanta bayan ta ga sakamakonta. Mun yi kwanaki muna cacar baki a X da Facebook a kan wa ya kamata ya yi murabus. Amma ni ban ga mun tsaya a kan ɗaya tambayar ba: a cikin kwanakin nan da sakamako ya fito, yaron da ya ga duniyarsa ta rushe, wa yake da shi da zai zauna da shi ya saurare shi ba tare da ya ce masa "ai dama wasa ka sa a gaba" ba?

Ni wannan ba labarin jarida ba ne kawai a wurina. Ina da ƙanwa, 'yar ƙanwar mahaifiyata, shekarunta 16 lokacin da abin ya fara. Yarinya ce mai surutu, sai kawai ta yi tsit. Ta daina cin abinci sai an tsaya a kanta, ta daina zuwa Islamiyya, ba ta barci da dare, da rana kuma ba ta tashi. A gida aka rabu kashi-kashi. Wasu suka ce shagwaɓa ce. Wasu suka ce waya ce ta lalata ta, a ƙwace. Wata gwaggonmu ta ce ko shakka babu iska ne. Aka kai ta kemis, aka yi mata allurar maleriya, aka ba ta maganin ƙarin jini. Wata biyar muka yi muna wannan zagayen kafin wani ya ambaci sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na wani babban asibiti, kuma ko da aka ambata, sai da aka yi sati biyu ana gardama a kan "me mutane za su ce".

Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurorin suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Ka tuno ajinku na sakandare. In ku 70 ne a ciki, kamar yadda yake a makarantun gwamnati da yawa, to lissafin na nufin wajen mutum 10. Wanda ake kira "miskili", wadda ake cewa "ta cika kuka", wanda kullum yana bayan aji kansa a kan benci. Kuma wannan lissafin duniya ne gaba ɗaya. Mu a nan akwai yaran Ƙanƙara da aka kwashe a 2020, da 'yan matan Jangebe a 2021, da ɗaliban Kuriga a 2024. An dawo da su, an ɗauki hoto da gwamna, an kai su gida. Abin da suke gani in sun rufe ido da dare bai shiga hoton ba.

To a koma ga likitan. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma kullum ana ƙara rasa wasu zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Waɗanda suka ƙware a kan yara da matasa a cikinsu 'yan kaɗan ne ƙwarai. A arewa, manyan asibitocin wannan fanni su ne na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, sai sassan da ke asibitocin koyarwa. Yarinyar da ke Gumel ko Zuru ko Malumfashi sai an biya mata kuɗin mota ita da mai raka ta, a wannan tsadar man. Sannan ga sunan. A Kano in aka ce "a kai ka Dawanau" ai zagi ne. A Sakkwato haka Kware take. Asibitin da aka gina don taimako mun mayar da sunansa abin gori, sai kuma mu yi mamakin yadda iyaye ke gudunsa.

In ƙofar gaba ta toshe, mutane ta baya suke bi. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa a Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Makonni kaɗan bayan nan aka bankaɗo wasu irinsa, har da na Daura. Kowa ya yi Allah wadai, kuma ya dace a yi. Amma abin da ba mu so mu kalla shi ne, da yawa daga cikin yaran nan iyayensu ne suka kai su da kansu, har suna biyan kuɗi. Ba duka ba ne mugaye. Uba ne da ɗansa ya fi ƙarfinsa, ya duba gabas ya duba yamma bai ga wurin zuwa ba sai nan. Shi kuma yaron yana da tasa ƙofar bayan: kodin da tiramadol da wiwi. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Ba kowane mai shaye-shaye ne damuwa ta tura shi ba, amma ka zauna da su ka ji, da yawa za su ce maka suna sha ne don su samu barci, ko don tunani ya sake su.

A ɓangaren doka an motsa, ba zan ce ba a yi komai ba. Har zuwa kwanan nan dokar da ke kula da wannan fanni ita ce ta 1958, wadda asalinta tun 1916 ne zamanin Turawa, kuma ko sunanta ma "dokar mahaukata" ne. Ba ta san maganar magani ko haƙƙi ba, tsarewa kawai ta sani. A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta ce a kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya, a kafa asusun kuɗi domin wannan aiki, kuma ta hana nuna wariya ga masu lalurar. Takarda ce mai kyau. Amma gobe ka shiga ƙaramin asibitin unguwarku ka ce ƙanenka ya yi sati uku ba ya barci, yana cewa gara ya mutu, ka ga wanda zai san abin da zai yi da kai. A nan ake gane ko doka ta sauko ƙasa.

Akwai ma wani abin da ya fi ɗaure mini kai. A ƙarƙashin sashe na 231 na kundin Final Kod da ake aiki da shi a arewa, wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara ɗaya. A kudu ma akwai irinsa, sashe na 327. Ghana ta cire nata a 2023, gwamnatin tarayya ita ma ta yi alkawarin cirewa. Kar wani ya juya mini magana: ba wanda ya ce kashe kai ya halatta. Abin da ake cewa shi ne, yaron da ya kai wannan gaɓar asibiti yake buƙata, ba caji ofis ba, kuma tsoron hukuma na cikin abin da ke sa iyali su rufe maganar su ce "ya sha wani abu ne bisa kuskure".

Yanzu bari in faɗa maka abin da na gani a ɗakin da aka kai ƙanwata, domin yawancinmu hoton da muke da shi daga finafinan Amurka ne: mutum a kwance a doguwar kujera, wani mai tabarau yana rubutu. Ba haka ba ne. Likita ya fara ganinta, ya yi tambayoyi, ya tura ta wurin wata mata masaniyar halayyar ɗan Adam da za ta riƙa gani duk sati. Na taɓa raka ta sau biyu, ita ce kuma ta ba ni labarin sauran.

Abu na farko da matar ta yi, ta zana mata da'ira a takarda. Ranki ya ɓaci, sai ki shige ɗaki. Kin shige ɗaki, sai ki rasa ƙawaye da hira da duk abin da ke sa ki dariya. Kin rasa su, sai ran ya ƙara ɓaci. Ta ce mata ba za mu jira sai kin ji daɗi kafin ki fito ba, fitowar ce za ta fara, jin daɗin ya biyo baya. Aikin gida na satin farko shi ne ta fito tsakar gida da safe ta zauna minti goma, ta kuma taya mamanta tsinke zogale sau biyu. Da na ji na yi dariya, na ce wannan ne maganin? Ashe shi ne. Sati na gaba aka shiga tunani. Ƙanwata ta ce ita ba ta da amfani. Matar ba ta ce mata "haba, kar ki faɗi haka" ba, kamar yadda duk muka yi ta faɗa mata wata biyar. Sai ta ce to mu yi shari'a: kawo shaidunki, ni ma in kawo nawa. "Na faɗi lissafi" abu ne da ya faru. "Ba ni da amfani" hukunci ne da kika yanke. Su biyun ɗaya ne? Aka koya mata jan numfashi a hankali in ƙirjinta ya fara bugawa. Aka koya mata ta rubuta matsalolinta, ta zaɓi ɗaya tal wadda take da iko a kanta, ta jero hanyoyi, ta gwada ɗaya, ta dawo ta ba da labari. Wasu kan buƙaci ƙwayar magani a kan wannan, kuma likita ne kaɗai ke yanke hakan. Ita ba a kai ga nan ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babu wani abu a cikin wannan da sai wanda ya yi shekara goma sha a makarantar likitanci zai iya. Ana iya koyar da shi. Kuma an koyar, a nan Afirka.

A Zimbabuwe akwai likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda. Shi da kansa ya ba da labarin wata matashiya da yake dubawa, wadda ta kashe kanta saboda iyalinta ba su da kuɗin motar da za su dawo da ita asibiti a Harare. A 2006 ya fara horar da tsofaffin mata, kakanni 14 a unguwar Mbare, su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron mutane, zama shida, da irin wannan tsarin na zaɓar matsala ɗaya a warware. Ba sa ma amfani da kalmar Turanci, da yaren Shona suke kiran ciwon, kalmar da ke nufin "yawan tunani". Da aka gwada shirin a kan mutum 573 aka wallafa sakamakon a 2016, bayan wata shida kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kashi 50. Wannan gwajin a kan manya aka yi. Na yara ya fito daga Kenya, inda wani matashi Tom Osborn da abokan aikinsa suka kafa shirin Shamiri: matasan da ba su daɗe da gama sakandare ba ake horarwa, su jagoranci ƙananan rukunin ɗalibai a makaranta, awa ɗaya a sati, sati huɗu. Gwajin da aka wallafa a 2021 a kan ɗalibai sama da 400 ya nuna damuwa da fargaba sun ragu fiye da na rukunin da aka koya wa dabarun karatu kawai. Sa'o'inmu ne fa suke wannan aikin.

Kuma ba sai mun je nesa ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan uwansa, maimakon a kulle su. A Maiduguri, gidauniyar Neem ta Dokta Fatima Akilu ta sa masu ba da shawara a Keke Napep suna bin unguwanni suna zama da mutanen da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita. Ba su jira mutane su zo ofis ba.

To mu me muka rasa? Muna da 'yan bautar ƙasa da ake turawa makarantu duk shekara, da yawa ba su san me za su yi da lokacinsu ba. Muna da ma'aikatan lafiya a ƙananan asibitocin mazaɓu. Muna da malaman Islamiyya da na majami'u waɗanda yara ke gani fiye da yadda suke ganin kowane likita. A takarda ma makarantun sakandare suna da malamin ba da shawara, sai dai a makarantar da na yi shi ne kuma malamin Turanci na aji shida, kuma ba a tura ka wurinsa sai ka yi laifi. A ganina duk gwamnan da ke son ya nuna da gaske yake, a nan zai fara, ba a gina wani katafaren bene da za a rasa wanda zai zauna a ciki ba.

Amma kar mu ruɗi kanmu, "a saurari yara" kaɗai ba shiri ba ne. Kakannin Harare an horar da su, akwai masu duba aikinsu, kuma sun san lokacin da za su ce wannan ya fi ƙarfina, a kai shi sama. In babu waɗannan, wa'azi kawai za a ƙara wa yaron da ya riga ya ƙoshi da wa'azi. Babbar matsalar ma a wurinmu ita ce sirri. Ka faɗa wa anti da safe, kafin la'asar dangi sun ji. Yarinya ta san in maganar ta fita, ranar da aka zo neman aurenta wani zai raɗa cewa "ai ta taɓa samun taɓin hankali". Shi ya sa take gwammace ta tura wa mai shafin Instagram ko Facebook da ba ta taɓa gani ba, ta ce "don Allah a ɓoye sunana". Ka san irin shafukan. Sai a watsa labarinta, mutum dubu su yi mata shari'a a ƙasa, wannan ya ce ta tuba, wancan ya ce ta bar iyayi, wani ya sa dariya, mai shafin kuma ya ƙara mabiya. Wasu yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke kai wa kuka da dare. Ban ga laifinsu ba, ita manhaja ba ta gulma. Amma ba za ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinki da safe ta ga ko kin tashi ba. Haka bidiyon TikTok na daƙiƙa talatin mai cewa "in kana da alamun nan biyar to kana da kaza" ba gwaji ba ne. Ɓacin rai na kwana biyu bayan an rabu da saurayi daban, wanda ya zarce sati biyu yana hana ci da barci da karatu daban.

Batun addini kuwa, ni ban ga inda ake rigima ba. Mai maleriya yana addu'a yana shan magani, ba wanda ya ce masa imaninsa ya yi rauni. Ƙanwata ba ta daina azkar ba don tana zuwa asibiti. Abin da ya yi mata illa shi ne masu ce mata "rashin tawakkali ne", domin sun ɗora mata laifi a kan ciwo, ta koma tana jin ko Allah ma fushi yake da ita.

Kafin gwamnati ta farka, kai ne a kusa da mai baƙin hoton nan. Kar ka tsaya a rubutu, kira shi. In ya yi maganar da ta tsorata ka, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce e, kar ka yi masa alkawarin rufe maganar ko da ya haɗa ka da Allah, kar ka bar shi shi kaɗai, ka nesanta shi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka nemo babba ɗaya mai hankali a gidansu, ku tafi asibiti mafi kusa ko ku kira 112. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su MANI da She Writes Woman, waɗanda matasa suka kafa a 2016, da za ka iya nema a intanet. Zai iya yin fushi da kai na sati ɗaya. Ba komai.

Ita ƙanwar tawa ta koma makaranta, tana cin abinci, wani lokacin har ta dame mu da surutu. Akwai ranakun da take komawa ɗaki, amma yanzu takan ɗauko takardar nan mai da'ira. Zama takwas ta yi. Na tara bai yiwu ba, domin matar da ke ganinta ita kaɗai ce mai wannan aikin a sashen, kuma ta tafi hutun haihuwa. An ce mu dawo bayan wata huɗu.